Almu da Gangunan Ubansa

Almu ɗan Mati bai taɓa jin ubansa ya buga ganga ba. Ko da ya yi wayo, Alhaji Mati ya riga ya zama dattijo mai yawan shiru, ba ya da wata hidima sai masallaci da hawasharsa, wato gonar audugar da hukumar Jazira ta ba shi riƙo a wani ƙauyen Hausawa kudu da garin Hajj Abdalla. A bakin tsofaffi Almu ya ji cewa wannan mutum mai shiru makaɗin noma ne a ƙasar Sakkwato, wanda in ya saki gula a gayya samari kan manta da yunwa.

Mati ya baro gida a ƙasa, shi da amaryarsa Mero da jaki guda, da niyyar sauke farali. Ganguna uku ya ɗauro wa jakin: babbar gangar noma, da kalangu, da ɗan kurkutu. Da su suka ci abinci a hanya, gari zuwa gari, har suka iso Makwar lokacin ana gina madatsar ruwa. Ya yi shekara uku yana dakon ƙasa a can kafin guzuri ya isa. Da ya dawo daga Makka sai ya ce hannun da ya shafi Ka'aba ya gama da fata. Ya naɗe gangunan cikin buhu, ya rataye su a rufin ɗakin girki. Kowace shekara yakan ce wa Mero in an tsinke auduga za su koma gida. Yana faɗin haka har ya rasu a 1952.

Almu ya gaji hawashar. Tsakanin ban ruwa da ban ruwa kuma yana sassaƙa: ƙotar fartanya, ƙafafun angarib, gadon nan na igiya da kowane gida ke da shi. Ya auri Talatu, suka haifi 'ya'ya mata huɗu. Buhun nan na rufin ɗakin girki ya san da shi kamar yadda ya san da azarar da yake rataye a kai, bai taɓa tunanin sauko da shi ba.

A daminar 1966 aka yi ruwa kwana biyu ba ɗaukewa, rufin ya rufto. Da hantsi Almu yana kwashe laka sai ya ci karo da buhun. Ya kwance. Hayaƙin shekara kusan arba'in ya daskare a jikin itacen baƙi ƙirin kamar kwalta. Ɓeraye sun cinye fatun, zanzaro ya yi gidaje a ciki, gara ta ɗan lashi gindin kurkutun, babbar gangar kuma ta tsage tsawon taƙi guda.

"Malam, a faskara su mu hura wuta," in ji Talatu. "Ko banza icen gidan nan duk ya jiƙe."

Almu ya ɗauki babbar gangar ya kai ƙofar ɗakin mahaifiyarsa. Mero ta tsufa, yanar ido ta rufe mata gani, sai da hannu take gane abu. Ta shafa ta daga baki har gindi, ta daɗe tana shafawa.

"Alilliba ce," ta ce. "Gaban idona ubanka yas sare ta, bayan gidanmu. Ja ta, kamar ɗanyen zuma. Yanzu yaya take?"

"Baƙa ce, Inna."

Ta janye hannunta. Wannan janyewar ce ta sa Almu ya ajiye aikin angarib guda biyu da yake kai.

Wata biyu ya yi yana abu ɗaya a ƙarƙashin rumfarsa. Ya fara da tsumma da ruwan toka mai ɗumi, kaɗan-kaɗan don kada itacen ya sha ruwa ya ƙara tsagewa. Inda baƙin ya ƙi fita sai ya sa fasasshiyar kwalba yana kankarewa, yana bin jijiyar itacen. Daga nan ya tafi bakin kogi ya tsinko ganyen ɓaure mai kaushi ya riƙa gogewa, har jan ya soma leƙowa, da sawun gizagon Mati ɗaya bayan ɗaya. Almu masassaƙi ne, ya san abin da yake gani. Ya gane ubansa bahago ne wajen sara, abin da bai taɓa lura da shi ba duk zamansu tare. Ya gane inda gizagon ya zame, mai shi ya dawo ya gyara. A gefe guda kuma akwai wani ɗan lotsi mai santsi, inda gangar ta yi shekaru tana gogar ƙugu. Wannan wurin bai goge shi ba.

Tsagar ya cike ta da ƙaro da garin itace, ya ɗaure da ɗanyar fata har ta kama. Talatu ta kawo masa sauran shuɗin fentin da aka shafa wa ƙofa, ta ce zai rufe tabon. Ya ce a'a, so yake a ga itacen. Mero ta ce da man kaɗanya ake shafa su a gida, to amma ina kaɗanya a Jazira? Sai ya sayo man riɗi a kasuwa, ya riƙa shafawa da tafin hannu yana ajiyewa a inuwa, ya sha, ya ƙara.

Ranar da ya yanke ragowar tsohuwar fatar babbar ganga, wasu 'yan tsakuwa jajaye suka zubo masa a cinya. Ƙasar Jazira baƙar laka ce, sai ka yi yini kana tafiya ba ka taka dutse ba. Ya kai wa Mero. Ta jujjuya su a tafinta, ta ɗauki ɗaya ta ɗora a harshe.

"Na mashayar garinmu na," ta ce. "Nan muka wanki."

Ta ƙulle ɗaya a bakin zanenta, ya mayar da sauran cikin gangar.

Ɗaurin fata ya ba shi wuya, don ba mai nuna masa. Ya sayo fatar akuya wurin mahautan Hajj Abdalla, ya jiƙa, ya kankare gashin, ya zauna yana nazarin tsofaffin ƙullin ubansa kafin ya kwance su. Ta farko ta yage wajen ja. Ta biyu ta zauna. Kalangun kuwa sai da ya yanka masa sababbin tsarkiyoyi har sau uku.

Da suka bushe ya jera su a rana, ya ɗauki gula ya buga. Ƙara ta fita sosai, kaji suka watse.

"Tana ƙara," in ji Mero daga ɗaki, "amma ba ta magana."

Ta yi ta gwada masa da baki, yana bi da hannu, abin ya ƙi. Hannunsa ya saba da gizago. Ya mayar da su ƙarƙashin rumfa, kullum ya wuce sai ya kalle su.

Da lokacin tsinkar auduga ya zo, 'yan ƙodago suka cika ƙauyen. A cikinsu akwai wani dattijo Bazamfare mai suna Ɗanjuma, yana kan hanyar Makka. Wata la'asar ya shigo neman a gyara masa ƙota, idonsa ya faɗa kan gangunan. Ya tsaya cak.

"Maigida, wa ad da waɗanga?"

"Na mahaifina ne. Ya rasu."

"Allah shi jiƙan shi. In taɓa?"

Ya rataya babbar, ya ɗan matsa fatar da babban yatsa, ya saki gula. Mero ta fito tana lalube bango, ba sanda, ba ɗankwali sosai a kanta. Ta ce wa baƙon ko ya san taken yayanta Salmanu, wanda ba a taɓa riga shi kai ƙarshen kunya a gayya ba. Bai sani ba. Ta yi masa da baki, ya lalubo, ya kuskure, ta gyara masa, a karo na uku ya kama. Tsohuwar ta ɗaga hannu sama tana kiran sunan yayanta da na gonarsu. Jikokinta, waɗanda Larabci ya fi zama a bakinsu, suka yi tsaye suna kallonta.

Da aka natsa ta tambaye shi ko ya san garin da ta baro. Ya ce ya taɓa ratsawa ta can sau ɗaya, akwai tsamiya babba bakin rijiya. Ta ce ƙwarai. Ta shiga jero masa sunaye, yana cewa bai sani ba, har ta gaji ta bari.

Ɗanjuma ya zauna har aka gama tsinka, yana nuna wa Almu abin da ya samu. Taken Salmanu kaɗai ya zauna masa, shi ma da ɗingishi. Yakan buga wa Mero shi ranar Juma'a bayan an sauko, ita kuwa ba ta ƙara cewa gangar ba ta magana ba. Ta rasu da rani na biye.

Bayan shekara biyu Ɗanjuma ya biyo ta ƙauyen, ya zama Alhaji, zai koma gida. Almu ya shafe kalangun da mai, ya naɗe shi cikin sabon ƙyalle, ya miƙa masa.

"Baba, in Allah ya kai ka, ka ratsa garin nan na Inna. Ka samu wani makaɗi ya buga taken Salmanu bakin rijiyar. In akwai wanda ya fito, ka ce masa Mero ta rasu a Jazira, ta bar ɗa, sunansa Almu."

"In sha Allahu. In na samu mai zuwa gabas, ni aiko ma da labari."

Ya raka shi har tashar jirgin ƙasa ta Sennar, ya tsaya har jirgin ya ɓace.

Labari bai zo ba. Duk motar alhazai da ta tsaya a Hajj Abdalla, Almu kan bar aikinsa ya je ya gaishe su, ya tambayi ko akwai mutumin wajen Sakkwato, ko ya ji an yi wani kiɗa bakin wata rijiya. Wasu su yi masa dariya, wasu su ce za su tambaya. Sannu a hankali alhazai suka koma jirgin sama, motocin suka ragu. A shekarar da ya rasu, 1978, mota biyu kacal suka tsaya, kuma duka biyun ya je ya tambaya.