Zungurun Mai Ƙunshi

Ban san sunanta ba. Gajerar tsohuwa ce, tana yi wa mata ƙunshi a Abakpa, tafinta baƙi ƙirin da lalle. Ran nan ina wurin, sai ga wata ta shigo tana ɓoye hannu a mayafi. Ta warke daga kuturta, yatsu uku suka rage mata. Matan da ke jiran ƙunshi, marasa kunya, suka janye tabarminsu.

"Iya, kika zura hannunta a zungurun lallen nan, mun daina zuwa," in ji wata daga cikinsu. Ku ji rashin imani!

Tsohuwar ko kallonsu ba ta yi ba. Ina jin ta taɓa jinyar wani nata mai irin wannan ciwo. Ta kama hannun matar, ta bi faratan da lalle a hankali, ta zura hannun cikin zungurun.

"'Yata, gobe ki kawo ɗayan. Sallah ta matso."