Ranar da Baturiya ta kori Baba daga motata

Shekaranjiya na ɗauko nama zan kai unguwar Treichville, sai GPS ɗin motata ya yi magana da muryar wata Baturiya: "Tournez à gauche," wato a yi hagu. Saura kaɗan in taka birki.

Muryar Babana ce a ciki tun da daɗewa. Kafin ya koma Tawa da zama na ɗauki muryarsa, kwatance ɗaya bayan ɗaya: "Yi dama." "Yi hauni." Yarana, da bakinsu ya fi sabawa da Faransanci, a motar nan suka san hauni shi ne hagu.

Ashe mise à jour ɗin da na yi, wato sabunta manhajar na'urar, shi ne ya kore shi. Na kai wa Isufu mai gyara a Adjamé, ya duba ya ce:

"Alhaji, muryar tana nan. Sabon version ne ba ya jin yaren tsohon."

"To yaya za a yi su fahimci juna?"

"Ba za su yi ba. Ko sabuwar taswira da Baturiya, ko tsohuwa da Baba."

Na ce a dawo min da Baba.

Yau na hau sabuwar gadar Yopougon, wadda tsohuwar taswira ba ta san da ita ba. Na'urar ta ga motata a tsakiyar ruwa, Baba ya dinga cewa: "Kai, ina za ka? Koma hanya," har na sauka.

Na kira Baban kansa a waya ina dariya na ba shi labari. Sai ya ce: "To, ka koma ɗin?"

Masu sanin na'ura, me ya sa sabo ba ya jin tsoho?