Rikodar da na ɗauko a Mandera

Ana idar da sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da wani abokin karatuna. Shekarata huɗu ina fama da digiri na biyu a fannin nazarin jinsi, kuma malamin da ke duba kundina ya ce in ban kawo masa muryoyin matan karkara ranar Litinin ba, to sai baɗi. Tambayata ɗaya ce: wa ke yanke shawara a gida?

A Bodinga muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har sai da na tausaya masa. Daga Shagari muka hau babura zuwa Mandera, ƙanshin albasa na binmu duk hanya, abokina kuwa yana ta yi wa ɗan acaɓa bayanin danniyar al'ada. Bawan Allah dai ramuka yake kaucewa.

Bayan mun gaida mai gari, aka kai mu wani babban gida. Abokina, da duk littattafan da ya haddace kan mata, a zaure aka tsayar da shi, aka ba shi fura. Ni na shige ciki, na tarar da mata suna gyaran gero. Na kunna rikoda, na gyara murya.

Tsohuwar gidan, da kowa ke kira Inna, ta riga ni.

"Ɗiyata, wanga aiki wa yab ba ki shi?"

Na ce malamina.

"Yaushe za ki ƙarewa?"

Na ce sai ran da ya ce.

"In kinka rubuta bai yi mai ba fa?"

Na ce sai in sake, kuma ai na riga na sake sau shida.

Matan suka ajiye faifai suka matso. Wallahi ban san ina cike ba sai ranar. Na zazzage musu komai, har yinin da nake yi a ƙofar ofishinsa. Inna ta girgiza kai ta ce, "Ni ko maigidan nan bai sai da akuyata sai na yarda. Ke ad da buƙatar a bincika." Suka cika mini jaka da albasa, suka raka ni da addu'a.

Sai da muka dawo gida da la'asar na saurari rikodar. Minti arba'in, kusan duk muryata ce ina kai ƙarar malamina. Kunya ta kama ni, ga shi ba ni da wata hirar. Ranar Litinin na miƙa masa.

Ya saurara har ƙarshe, ina tsaye. Sannan ya cire tabarau ya ce, "Tsohuwar nan ta fi ki iya tambaya. Na ƙara miki mako biyu, ki koma ki koya a wurinta."

Abin da tafiyar ta koya mini ke nan: kafin ka je auna 'yancin wani, ka fara duba naka. Na kai ƙofa ya kira ni, ya ce, "In kin je, ki gaya wa Inna sau biyar ne, ba shida ba."