Rabin Kilon da Larai Ta Ɓoye

Duk macen da ta haihu a ƙauyukan gefen Pauwa cikin shekara goma sha ɗayan nan ta san Larai, ko tana so ko ba ta so. Ita ce mai awon jarirai a ƙaramin asibitin sha-ka-tafi na yankin. Kowace Talata, tun rana ba ta yi zafi ba, za ka tarar ta rataye sikelinta a reshen darbejiyar tsakar asibitin, ta maƙala ɗan wandon da ake zura yaro a ciki, ta riƙe ƙugu tana jiran mata kamar ita ta gina wurin.

'Yar Mabai ce, aure ya kawo ta. Firamare kaɗai ta gama, kuma da tsintsiya ta fara aikin asibiti. Da mai awon farko ta tsufa ta ajiye aiki, Malam Sanusi, shugaban asibitin da kowa ke ce wa Likita, ya lura Larai ta iya karanta lamba, yara kuma ba sa tsala ihu a hannunta, sai ya ce ta jingine tsintsiya ta kama sikeli. Tun daga ranar ba ta taɓa fashin Talata ba. Ranar kamun 'yarta ta fari ma sai da ta auna yara arba'in da uku, da lalle a ƙafa, sannan ta koma gidan biki. Wannan labarin kuwa, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba, wallahi sai ka ji shi daga bakinta.

Tana da tsarinta. Ba ta taɓa faɗin nauyin yaro da ƙarfi, don ta san babu uwar da ke son a ambaci ƙibar ɗanta a gaban taro, saboda baki. Sai ta dubi tsinken sikeli, ta ce “Tubarkalla,” ta duƙa ta raɗa lambar a kunnen mai rubuta kati. Mata suna ƙaunarta don wannan.

Sai dai raɗar nan tana rufe wani abu. A shekararta ta biyu a kan awo, sikelin ya suɓuce mata ya daki ƙasa. Tun daga nan, in babu kowa a kai tsinkensa yana zaune daidai kan sifiri, amma da an ɗora yaro sai ya ƙara masa rabin kilo. Hannunta ne ya fara gaya mata, daga baya ta tabbatar lokacin da aka auna jikanta a Ƙanƙara a mako guda da nata awon. Da fari tsoro ya hana ta faɗi, kada a mayar da ita kan tsintsiya. Sai ta riƙa cire rabin kilon a kanta kafin ta raɗa lamba. Da tafiya ta yi nisa, tsoron ya wuce, abin ya koma mata daɗi: ga sikeli a gaban kowa, amma ita kaɗai ta san gaskiyarsa.

Mai rubuta katin kuwa Shafa'atu ce, wadda aka turo daga Faskari shekara huɗu da suka wuce, da takardarta ta makarantar kiwon lafiya da fararen kayanta. Ba ta da faɗa, ba ta da girman kai, “Yaya Larai” take ce mata har da rusunawa. To wannan shi ne abin haushin! Shekara huɗu Larai tana neman laifin matar nan guda ɗaya da za ta riƙe, ba ta samu ba.

Ana cikin yankan masara taifot ya kayar da Larai. Ranar Alhamis ce, jiri ya kwashe ta a bakin famfon asibiti. Likita ya yi mata ƙarin ruwa, ya rubuta mata hutun jinya na sati biyu.

“Sati biyu, Likita? Talata biyu fa ke nan!”

“Ko Talata goma ce. In na gan ki nan kafin lokaci, da kaina zan kore ki.”

Mijinta Malam Yahya ya kai ta gida a babur. Ta kwanta, amma ina hutu? Zuciyarta na asibiti. Tana tuna matan da ke tako ƙasa tun daga ƙauyukan bakin daji da goyo, waɗanda mazajensu suka bar gonakin nesa saboda rashin kwanciyar hankali, hatsi ya yi ƙaranci, yara suka fara ramewa. Su zo su tarar babu Larai? Ji take kamar ta ɗora tukunyar mutane a wuta ta gudu. Ko kunu ta kai baki sai ta ji kamar ba ta cancance shi ba, tunda ba ta yi aikin kowa ba yau.

Ranar Litinin da la'asar sai ga Shafa'atu ta zo dubiya, da lemo a leda. Bayan gaisuwa ta ce, “Yaya Larai, gobe ni Likita ya ce in tsaya kan sikeli. Akwai abin da ya kamata in sani?”

Maganar ta zo har kan harshen Larai. Rabin kilo, kalma biyu kacal. Sai ta dubi farin hijabin nan mai ƙamshin guga, ta hango mai shi tsaye a ƙarƙashin darbejiyarta, sai ta fasa faɗi.

“Mi za ki sani a wurina?” in ji ta. “Ke da kika yi makaranta.”

Shafa'atu ta yi murmushi, ta yi mata addu'ar samun sauƙi, ta tafi. Larai ta juya fuska bango. A ranta cewa take, ai Talata biyu ce kawai, mi zai faru?

Daga Laraba masu dubiya suka fara sallama. To ka san al'adar mutanenmu: ba a zo wa majinyaci da labarin da zai tayar masa da hankali. Kowa ya san ciwon Larai rabinsa tunanin aiki ne, don haka duk wadda ta shigo da maganar kwantar da hankali take shigowa. Su a ganinsu magani suke ba ta.

“Inna Larai, ki huta abinki, wallahi ko kusa ba a ji rashinki ba,” in ji wata.

“Kafin azahar fa an sallami kowa,” in ji ta biyu.

Maƙwabciyarta Hajaratu, wadda bakinta ba ya gajiya, ita ta ƙarasa ta. “Ke dai bari! Hannun Malama Shafa'atu akwai albarka. Yaran nan kaf sun tashi, ba wanda bai ƙaru ba. Har ɗiyar Najiba da kullum take nan kamar tsinke. Mata sai sa mata albarka suke.”

Larai ta ce, “Masha Allah,” da wata murya da ita kanta ba ta gane ba. Albarka? Albarkar ina! Rabin kilonta ne, nata na kanta, wanda ta yi shekara tara tana ɗauke da shi a ka, shi ne yau aka naɗa wa Shafa'atu. Kishi ya kama ta har zazzaɓin ya dawo sabo. Da matan suka fita ta yi tsaki ya fi a ƙirga, ta ture lemon ya gangara ƙarƙashin gado.

Can sai wani tunanin ya faɗo mata. Ranar da ta koma ta ci gaba da cire rabin kilonta, yaran nan duk za su sauko a kati. Mi za a ce? Hannun Shafa'atu na ƙara yara, hannun Larai na rage su. Ta kwanta tana ta juya abin, ba ta ga mafita ba.

Ranar Alhamis da hantsi Hussaina ta zo. Matashiyar uwa ce daga wani ƙauye gaba da Pauwa, da ɗanta Salim mai wata tara. Larai ta daɗe da sa wa yaron nan ido. Awo biyu a jere bai ƙaru ba, har Likita ya ce in aka yi na uku haka, zai rubuta takarda a kai shi Ƙanƙara, inda ake kula da yara masu tamowa ana ba su abincin nan na cikin leda.

Hussaina ta shigo fuskarta kamar an yi mata bushara da kujerar Makka. “Inna, albishirinki! Salim ya ƙaru, har rabin kilo. Likita ya ce ba sai mun je Ƙanƙara ba, mu dawo bayan wata guda.”

“Miƙo shi nan,” in ji Larai.

Ta karɓe shi. Hannun da ya ɗaga yara dubbai ba ya buƙatar tsinke. Yaron bai ƙaru ba. In ma akwai wani abu, ya ragu. Gashin kansa ya yi ja ya kwanta, fatar cinyarsa ta saki, ko kukan baƙuwar fuska bai iya yi ba, sai kallo. Wata guda? Yaron nan ba shi da wata guda na jira.

Kuma ka ji abin kunya: ta yi shiru. Ta miƙa wa uwar ɗanta, ta ce Allah ya raya, ta bar ta ta fita da murnarta. Don in ta buɗe baki dole ta faɗi dalili, dalilin kuwa shi ne ita ta fasa sikeli, ita ta ɓoye shekara tara, ita aka zo har gida aka tambaya ta hana.

Malam Yahya ya dawo daga gona da azahar ya tarar da ita zaune bakin gado, hijabi a jiki, kunun safe yana nan ya yi sanyi.

“Ina zuwa kuma?”

“Malam, kai ni asibiti.”

“Jikin ne ya tashi?”

“Ba jikin ba ne. Don girman Allah kai ni, in ba haka ba da ƙafa zan tafi.”

Ya san halin matarsa. Ya tayar da babur.

Sun tarar da Likita da Shafa'atu a ofis. Likita ya buɗe baki zai fara faɗa, Larai ta riga shi. Ta dafa bango saboda jiri, ta faɗi komai, ba ta rage ko ɗaya ba: faɗuwar sikeli, rabin kilo, da abin da ta ce ranar Litinin. Ba ta dubi kowa ba sai siminti.

“Tun yaushe?” in ji Shafa'atu a hankali.

“Shekara tara.”

Larai so take matar nan ta zage ta, ta ɗaga murya, ko sau ɗaya dai ta yi abin da za a riƙe. Ina! Shafa'atu ta jawo rajistar Talata ta buɗe. “Yara talatin da takwas na auna. Wanne ya fi gaggawa, Yaya?”

“Salim na Hussaina.”

Likita ya rubuta takardar Ƙanƙara nan take, ya roƙi Malam Yahya ya bi Hussaina da ita ƙauyensu. Sannan ya juyo kan Larai, ransa a ɓace. “Da yaron nan ya mutu, da mi za ki gaya wa Allah? Koma gida ki ƙarasa hutunki. Kwana bakwai ya rage, kuma ko ɗaya ba za ki rage ba.”

Ta ƙarasa su, kuma ba ta taɓa ganin kwana bakwai masu tsawon waɗannan ba.

Talatar da ta koma, babu komai a reshen darbejiya sai guntun igiya. An kawo sabon sikeli daga Ƙanƙara, irin na ɗorawa a tebur, mai nuna lamba da kansa. Yana gaban Shafa'atu, ita ke dubawa, ita ke rubutawa. Aikin Larai yanzu ta karɓi yaro daga hannun uwa, ta tuɓe shi, ta kwantar, ta ɗauke. Babu mai jiran raɗarta.

A ranar ta gane Shafa'atu da Likita ba su gaya wa kowa ba. Abin da mata suka sani kawai shi ne tsohon sikeli ya lalace, kuma an gano ne a makon da Malama Shafa'atu ta tsaya a kai. An rufa wa Larai asiri ruf. Ta san ya kamata ta gode, ta kuma gode, amma godiyar da ɗaci ta fito.

Bayan sati biyar Hussaina ta dawo da Salim. Larai ta miƙa hannu ta karɓe shi, tun kafin ta kai shi tebur ta ji shi: ya yi nauyi, nauyi na gaskiya. Ya cafki hijabinta ya tsala ihu mai ƙarfi, har hawaye suka cika mata ido.

Hussaina ta juya ga matan da ke layi, ta ɗaga murya don kowa ya ji. “Wallahi ba don Malama Shafa'atu ta gano sikelin nan ba, da na rasa yaron nan. Ko ba haka ba, Inna?”

Shafa'atu ta sunkuyar da kai kan kati. Mata suka zuba wa Larai ido. Tsohon kishin nan ya taso mata, da zafinsa kamar ranar farko. Ta dubi yaron da ke wutsil-wutsil a hannunta, ta haɗiye.

“Haka ne,” in ji ta. “Tubarkalla.”

Ta kwantar da shi a kan sikelin, ta ja da baya don Shafa'atu ta ga lambar.