Malamar da Ke Gudu a Baya

Kafin maigadi ya gama buɗe ƙofar makaranta, Malama Mai Usur tana cikin fili tana tsintar ƙusoshi da fasassun kwalabe, don rabin yaranta babu takalmi suke gudu. Sai ta jera su, ta busa usur, ita kuma ta koma can baya, kusa da na ƙarshe. Haka take yi har furfura ta cika mata kai.

Shugaban makaranta ya sha yi mata ƙorafi. "Malama, ki riƙa kula da na gaba mana. Su za su kawo mana kofi."

"Ranka ya daɗe, na gaba ƙafarsa ta ishe shi. Na baya ne ke nemana."

Kofi kam, gaskiya, bai cika zuwa ba. Amma mu a gidanmu mun san abin da ya zo. Ƙanwata tana fama da asma, kowa ya haƙura, aikinta kullum gadin jakunkuna a gindin bishiya. Malama ta taka har gida, ta zauna da mahaifiyarmu, ta ji iyakar abin da likita ya yarda da shi, ta fara da ita da tafiya sannu a hankali. In numfashi ya sarƙe, su tsaya tare. Yau ƙanwar tawa ma'aikaciyar jinya ce, a tsaye take wuni.

Ke ce, Malama, kika kafa dokar nan: ba a busa usur ɗin tashi sai na ƙarshe ya iso. Ke ce uwar waɗanda ba a tafa wa.

Ranar da ta ajiye aiki, gwiwoyinta sun riga sun gaji, amma ta dage sai ta zagaya filin tare da yara. A rabin hanya ta tsaya, ta dafa gwiwa, ta ɗaga hannu ga sabon malamin da ya karɓi usur ɗinta. "Ɗana, busa kawai. Kada in shanya yara a rana."

Bai busa ba. Ƙanwata, wadda muka je kallo tare, ta tuɓe takalminta, ta ratsa fili ta tsaya kusa da Malama.

"Mama, mu tsaya tare. In numfashi ya dawo sai mu tafi."

Yaran da suka riga suka iso, ba wanda ya ce musu komai, suka juya suka koma baya. Na yi hawaye, ban kuma ɓoye ba.

Mun gode, Malama, Allah ya saka miki da alheri. Ku kuma da aka miƙa wa usur, kafin ku busa, ku waiwaya.