Kunun Gyaɗar da Aka Riƙa Ba 'Yata a Ɓoye

Kun daɗe ba ku ji ɗuriyata a nan ba. Masu tambaya ko lafiya, ba lafiya ba ce. Sai yanzu bakina ya buɗu.

'Yata Safiyya tana da shekara biyar jikinta ya daina karɓar gyaɗa. Ta ci ƙuli-ƙuli, leɓe ya kumbura, borin jini ya feso, numfashi ya soma sarƙewa. A asibiti nan Birnin Kudu aka yi mata allura da gwaji, likita ya ce ko man gyaɗa kada ya ƙara shiga bakinta.

Ku gaya mini, a garin nan wace tukunya ce babu gyaɗa?

Daga nan ni ma na kamu. Ba barci, ba cin abinci, kullum gabana faɗuwa yake. In ta yi tari sai in ruga in duba bakinta. Ita kuma ta koma ba ta kai loma baki sai ta dubi fuskata. Ta daina wasa, ta koma fitsarin kwance.

Likita ya ce, "Maman Safiyya, ke ma majinyaciya ce. Ciwon damuwa ne, kuma tsoronki take kwafa." Ya ɗora ni a kan magani, ya ce in samu hutu.

Sai na riƙa kai Safiyya Gwaram ƙarshen mako, wurin Yaya Binta, uwa ɗaya uba ɗaya. Duk dawowa da ƙuraje. Na tambaya, Yaya ta rantse zafi ne. Da na nace, dangi suka ce kaina ne ya taɓu, ni ma har na fara yarda.

Wata rana aka kawo Safiyya asibiti a sume daga Gwaram. Bayan ta farfaɗo, wata ma'aikaciyar jinya ta lallaɓa ta, ta tambaye ta me ta ci. Ta ce, "Kunun gyaɗa. Inna Binta ta ce in na faɗa, za a kai Mama gidan mahaukata."

Ashe cokali-cokali take ɗura mata, wai jiki ya saba, kamar yadda ake yi wa yaro mai ƙin abinci. Yarinya tana sha, maƙogwaro na ƙaiƙayi, tana yin shiru don kada a rabu da uwarta.

Na kira Yaya. Ta ce, "Haba, 'yar manoma a ce ba ta cin gyaɗa? Taimakonki na yi."

Wallahi gyaɗar ba ta ƙona mini rai kamar yadda Yaya ta mai da ciwona abin razana 'yata ba. Ban huce ba, ba zan yi muku ƙarya ba.

Alhamdulillahi, yanzu ina barci, ina zuwa ganin likita. Da na natsu, ita ma ta natsu, tana cin tuwonta ba ta kallona. Na gode wa ma'aikaciyar nan, da mijina da bai taɓa kirana mahaukaciya ba.

Iyaye mata, in damuwa ta kama ku, ku nemi magani, yaranku na ɗauka. Ba a saba wa jiki da abin da ke toshe numfashi. Ku kuma koya wa yara cewa babu sirri tsakaninsu da uwa.

Shekaranjiya Yaya ta aiko a kai mata Safiyya hutu. Ban amsa ba, na tambayi mai jikin.

Ta ce, "Mama, ki ce mata ni na ce a'a."

Haka na faɗa mata.