Laujen Gidanmu Zai Shiga Ruwa Bana

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yaya Haladu ya rasu. Da safen nan labarin ya same ni, ina tsugune a ƙofar ofishinmu na kargo a unguwar Al Sabkha, nan Dubai, ina ɗaure kwalin wani Alhaji. Har yanzu ban san wanda ya ƙarasa ɗaurin ba.

Tun shekaranjiya ya rasu, sai yau nake ji. Kada ku yi mamaki. A garinmu, Tumbun Shamuwa, cikin Tafkin Chadi, wuri ɗaya tak waya ke kamawa: kan wani suri da ke bayan masallaci, nan ma sai ta ga dama. Matarsa Yaya Hajara ta yi ta hawa tana sauka har Allah ya sa ta shiga. Abin da na iya ji kawai shi ne, "Sabi'u, yayanka ya tafi." Sai layi ya yanke.

Ba uwa ɗaya uba ɗaya muke ba. Zana ce kawai tsakanin gidansu da namu. Amma shi ya koya mini iyo, shi ya koya mini tura jirgi da gora. Ranar da na fara kifar da jirgin babana, shi ya tsamo ni, ya bar ni na gama aman ruwa, sannan ya ce, "To ka sha rabonka. Koma ka hau."

Ciwon ciki ne ya kama shi. Garinmu ba asibiti, ba ko ɗakin shan magani. Aka sa shi a jirgi bayan sallar asuba za a kai shi gaɓa. Ga kacalla ta toshe hanya, ciyawar nan da ta fi mutum tsawo, don ba a riga an yi gayyar sare ta ta bana ba. Maza suka sauka cikin ruwa har wuya suna sara suna tura jirgi. Tafiyar da in hanya a buɗe take kafin hantsi an isa, la'asar ta yi ba su fita ba. A cikin ciyawar ya cika.

Da ya ji jikinsa ya ce musu, "In ta kasance, ku juya da ni gida." Suka juya da shi.

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana buɗe wa mutane hanyar nan, ita ta rufe masa. Ina ta juya wannan a raina tun safe, ya ƙi kwanciya.

Yanzu bari in yi magana da masu yi mini ta'aziyya mai haɗe da wa'azi.

Da azahar abokin zamana a unguwar International City, Alhaji Nura, mutumin Kano mai sarin wayoyi, ya zo ya dafa ni. Na san don Allah ya yi. Ya ce, "Sabi'u, Allah ya ji ƙansa. Amma wallahi habibi, khalas, ya isa haka, ku kwaso mutanenku ku dawo cikin gari. Wai me ake tsinta a tsakiyar ruwa? Sauro?"

Na ce, "Alhaji, kai da a ce kasuwar Kurmi ta yi ambaliya, Kano za ka bari?"

Ya ce, "Haba, ai ba ɗaya ba ne."

Na ce, "A wurinka."

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Wasu sun rubuto mini irin haka a waya. To ku saurara, sau ɗaya zan faɗa.

Na san garinmu fiye da ku. Ba wuta, ba famfo. Sauronmu in magariba ta yi sai an shiga gidan sauro ake cin tuwo. Makaranta rumfa ce, malami in ya tafi hutu sai an yi sa'a ya dawo. Mace in haihuwa ta zo da gardama, addu'a ce da ƙarfin masu tura jirgi. Ba wanda zai ba ni labarin wahalar wurin, a cikinta aka yanke mini cibiya.

Amma kifin bandan da kuke yabawa a miya, daga ina kuke zato yake fitowa? Daga firiji?

Ga abin da ba ku sani ba. A garinmu kowane gida yana da laujensa. Ba na noma ba, na gayyar hanya. Duk shekara in ruwa ya fara ja baya, mai gari zai sa rana, kowane gida ya fito da laujensa a shiga ruwa a sare kacalla tun daga bakin gari har inda tafki ya buɗe. Kowane gida da yankinsa. Ba a ɗaukar ɗan haya, ba a aiko da uzuri. Gidan da laujensa bai shiga ruwa ba a shekara, sai a ce gidan ya tashi. A raba wa wasu wurin bandansa da mashigin jirginsa, a daina kiran sunansa in ana lissafin gidajen gari.

Babana ya rasu, ni kaɗai ne namiji, ina nan Dubai ina fama da kwalaye. Innata tsohuwa ce, tana can, ta ce ba inda za ta.

Tun shekarar da na taho, Yaya Haladu ke ɗaukar laujen gidanmu. Ya gama yankinsa da laujensa, ya fito ya ajiye, ya ɗauki namu ya koma ruwa. Da wasu suka yi ƙorafi wai wannan ai dabara ce, ya ce, "Ni ɗan haya ne? Wa ya biya ni? A gidan nan na ci tuwo na girma. Lauje ya shiga ruwa ko bai shiga ba?" Mai gari ya ce ya shiga. Magana ta mutu.

Bai taɓa kirana ya ce ya yi ba. A bakin Inna nake ji.

Ko a shekarun tashin hankali, da aka watse aka bar garin ba kowa, shi ne ya fara komawa. Ya tarar hanya ta haɗe kamar ba a taɓa bi ba. Shi da mutum biyu suka buɗe ta, sannan ya aika wa mutane cewa su taho, gari yana nan.

Ganina da shi na ƙarshe a nan ne, bara, da zai dawo daga Umara. Na nema masa biza ya tsaya mini 'yan kwanaki. Niyyata in burge shi, in ga ko zai yarda in nema masa gida a Maiduguri ya huta.

Na kai shi ya ga dogayen gine-gine. Ya ɗaga kai ya ce, "Masha Allah. Wuyana."

Muka hau abra, ɗan jirgin da ke tsallaka da mutane daga Deira. Nan ne kawai na ga ya saki jiki. Ya zuba wa matuƙin ido har muka sauka, ya ce, "Wannan ya iya. Amma ruwansu ba ciyawa, ko Inna sai ta tuƙa."

Sannan na kai shi tsibirin nan da suka gina da siffar dabino. Na yi masa bayani cewa da babu shi, yashi da duwatsu aka yi ta zubawa a teku har ya zama gari. Ya ƙare wa wurin kallo. Can ya ce, "Sabi'u, wato su da ba su da tsibiri, ɗora wa kansu wahala suka yi suka ƙera. Mu da Allah ya ba mu namu a gine, mu ne ake ce wa mu tashi?"

Ban sake tayar da maganar Maiduguri ba.

Da na kai shi kasuwar 'yan China na ce ya zaɓi tsaraba, na ɗauka waya zai ɗauka ko turare. Ya zagaya ya zagaya, ya tsaya a shagon kayan ƙarfe, ya cika leda da magagari na wasa lauje. Wai kowane gida ɗaya. Alhaji Nura ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce tunda yake bai taɓa ganin wanda ya zo Dubai sarin magagari ba.

A filin jirgi ya riƙe hannuna ya ce, "Ka yi aikinka da kyau. Laujenku yana hannuna. Amma ka sani ni ma ba ƙarfe ba ne."

Na yi dariya a lokacin. Yau ba na dariya.

Ɗazu layi ya sake kamawa. Inna ce. Ba ta yi mini kuka ba. Cewa ta yi mai gari ya sa ranar gayya, sati mai zuwa, kuma wasu har sun fara cewa tunda Haladu ba ya nan a haƙura kawai. Sai ta ce, "Lauje yana rataye inda ya bar shi. Ni dai ba zan iya ɗaga shi ba."

Na shiga wurin manaja na nemi hutu. Ya ce lokacin aiki ne, kwantena na jiran lodi, in na tafi yanzu bai yi mini alkawarin zan dawo in tarar da kujerata ba. Na ce na ji. Na fito na sayi tikiti.

Ina son aikina, da shi nake riƙe da Inna. Tsoro kuma ina ji, ba zan ɓoye ba. Hannuna ya yi laushi, rabona da lauje an daɗe, na san samarin gari za su sha dariya. Su sha. Amma ba za a ce gidan babana Malam Audu ya tashi ba, balle a shekarar da aka binne Haladu. In na gama yankinmu zan fito in karɓi nasa a hannun Yaya Hajara in koma ruwa, don yaransa ba su kai ba tukuna.

Masu cewa mu tashi, ga amsarku. In taimako kuke so ku yi, ku taya mu neman ɗakin magani da jirgi mai inji. In ba haka ba, ku yi masa addu'a ku bar mana garinmu.

Ya Allah, ga bawanka Haladu ya zo. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka buɗe masa hanya kamar yadda ya yi ta buɗe wa bayinka. Ka ba Yaya Hajara da yara haƙuri, ka tsaya musu.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah kada ka wuce da danna hoton kuka kawai. Tsaya ka karanta masa Ƙulhuwallahu, ka ambaci sunansa. Ni kuma ku roƙa mini Allah ya ƙarfafa hannu, lauje biyu ke jirana.